Babur Ɗinmu Ya Tsaya a Kan Iyaka

Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya iyali, ya zaman Maraɗi? Mu nan Daudawa lafiya lau.

Babur ɗin da muka saya can bai tsallako iyaka ba. Ɗan kwastan ya ce sunanka kaɗai ke kan takarda. Na ce tarayya ce, kamar shanun huɗarmu. Ya ce, "Malam, sa bai da lamba, babur na da." Wasu suka nuna mani ɓarauniyar hanya, na ƙi. Na aje shi gidan Kawu can bakin iyaka, na hawo mota.

Sai ka zo ka tsallako da shi da kanka.

A gaida iyali, a sa mu a addu'a. Inna na gaishe ka. Har yau a kan jaki ake kai ta allura.

Ƙanenka,
Lawal