Baba, na buɗe kwamfutocinka

Zuwa ga mahaifina, Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna lafiya lau, gero ya yi kyau bana, ni kuma na shiga aji biyar na sakandare.

Na rubuto ne in gaya maka na buɗe tsofaffin kwamfutocinka guda uku, waɗanda ka sayo na hannu a Kano tun ba a haife ni ba. Sai dai in fara da laifina. Ka koya mini a duba batirin cikinsu duk farkon damina, ni kuwa damina biyu na tsallake. Na kasa taɓa kayanka ne, Baba.

Ina tuna yadda kake shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ka ba ni murfin kwano in riƙe maka ƙusoshi. Ka nuna mini ɗan batirin nan mai kama da ƙaramar ganga da ke manne a koren allo, ka ce, “Wannan ba ya ihu in zai yi ɓarna, Rabi. Sai an leƙa.”

Bayan rasuwarka Inna ta naɗe su a buhu, ta sa a ɗakin da muke ajiye taki, don nan ne kaɗai mai kwaɗo. Gata ta yi musu. Ba ta san taki na jan danshi ba, ni da na sani kuma na yi shiru.

Makon jiya Baffa ya ce a ba 'yan gwangwan su, tunda ba mai amfani da su. Ka san ni, ban iya ɗaga kai a gabansa ba. Sai na raɗa wa Inna cewa waƙoƙin niƙa da na daɓe da ka rubuta daga bakin Kaka suna cikin ɗayarsu, kuma babu su a ko'ina. Ita ta roƙar mini kwana bakwai.

Ta farko da ta biyu sun lalace. Batirin ya fashe, wani abu fari-fari kamar kanwa ya bi allon, ya cinye siraran layukan tagullar har suka koma kore. Da na zo kan ta uku, mai tsagaggen murfi, wadda ka fi zama a gabanta, sai na sa sukuddireba na kwance ƙusoshinta.

Ita ma batirinta ya fara tsiyaya. Amma ɓarnar ba ta wuce faɗin farcena ba. Na datse ƙafafun batirin da filaya, na goge wurin da ruwan lemon tsami da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye, na bar shi ya sha iska kwana biyu a inuwa, kamar yadda na ga kana yi.

Ranar kasuwa ni da Inna muka kai ta Ɗanbatta wurin malamarmu ta kwamfuta, mai wutar sola. Kwamfutar ta yi gurnani, ta yi tsit, sannan ta kawo haske. Ta manta kwanan wata, amma ba ta manta rubutunka ba. Na karanta layi biyu na wata waƙar Kaka, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ƙarasa sauran da ka, a hankali, da muryar waƙa. Ban taɓa jin ta rera komai ba.

Yanzu ina kwafe waƙoƙin a littafi da hannuna. Baffa ya ce a bar mini kwamfutar.

Na gode, Baba. Ba ka ce wannan aikin maza ba ne, ba ka ce na yi ƙanƙanta ba. Matsawa kawai ka yi, ka ba ni wuri a tabarma.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada ka da Kaka a Aljanna. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Rabi