Kujera Goma Sha Biyu, Babu Wurin Buzu Ɗaya

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a kai ƙarshe kafin a fara zagi. Na san halin wasunku, mutum ko layi biyu bai karanta ba ya fara jawo aya, alhali rabonsa da kiran nasa uban tun ƙaramar salla. Irin waɗannan su riƙe wa'azinsu, shawara na zo nema.

Ni ɗan kasuwa ne a Kankara, taki da maganin feshi nake sayarwa, kuma Allah Ya rufa asiri. Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Sabuwa, wanda ban taɓa jin daɗin faɗin sunansa a gaban mutane ba. Da na gina gidana sai na ware ɗaki guda na kallo, burina tun ina makaranta a Zariya: majigi, allo mai cin bango guda, na'urar gem, ga sola. Asabar da Lahadi bayan la'asar abokaina su zo mu buga gem ɗin ƙwallo, in mun gaji mu sa fim. Kujeru ne kawai ban saya ba, muna lallaɓawa da wasu tsofaffin kushin guda biyu, don ina so in zaɓa a tsanake.

Ana haka 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu, ni da Yayata da ke aure a Faskari muka lallashi Baba ya dawo wurina. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, ni ne auta, kuma ni kaɗai ne namiji. Na ba shi ɗaki mai gado da fanka, gadon nan bai taɓa sanin nauyinsa ba. Baba ba ya zama a kujera, wai tana sa ƙafarsa ta kumbura. Yana da wani buzu da ya girme ni, gashin duk ya ƙoƙe, duk inda za shi yana hammatarsa. Wa ya gaya masa akwai ɗakin kallo? Ban sani ba. Mu dai muna tsakiyar wasa sai muka ji sallama, ya shigo ya shimfiɗa buzun a gaban allo ya miƙe ƙafa. To kun san al'ada, wa zai zauna a kan kujera dattijo yana ƙasa? Nan take kowa ya sulalo, manyan mutane da shaddojinsu, aka yi zaman gaisuwar mutuwa a ɗakin da na yi don jin daɗi. Ya ƙura wa 'yan wasan gem ido ya ce, "Auta, waɗanga ba su gajiya? Wancan gajeren ɗan wane gari ne?" Aka yi dariya, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar ya zama ɗan gida. In fim ne hannuna na kan rimot, kada mace da namiji su matsi juna a gabansa. In gem ne, ana shirin bugun fanareti zai tambayi wani ko ruwa ya sauka wajen Pauwa. Su kuma abokan nawa, 'yan ganin ido, har rige-rigen durƙusawa suke, "Baba ina wuni, Baba ya ƙarfin jiki," kamar ba su ne ke wuce nasu tsofaffin a kan babur ba. Abin da ya ƙure ni, ranar da wani baƙo na kamfanin da nake sarin kaya ya zo daga Kaduna, na kai shi ɗakin don ya ga mu ma ba a baya muke ba. Mutumin nan da matsattsen wandonsa ya ƙare a ƙasa, Baba na koya masa yadda ake gane dawar da ƙwaro ya ci. Ba zan iya buɗe baki in ce wa ubana kada ya shigo ba. Sai na ce to, kujeru su faɗa masa.

Wani abokina, mu ce Nafi'u, ya ba ni shawara mai kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce kallon fim kishingiɗa yake so daga baya, gem kuwa zama a miƙe yake so kusa da allo, don haka in sa doguwar kujera mai taushi a jikin bangon baya, in bar gaba fili da kafet da tum-tum guda huɗu, mai wasa ya ja nasa inda ya ga dama. Ya ƙara da cewa, "Ka ga Baba ma ya samu wurinshi." Wannan ƙarin ne ya kashe shawarar. Na ɗauko wani kafinta daga Funtua na ce layi uku nake so, kowane layi kujera huɗu, a kan matakala, bango zuwa bango, a ɗaure su da noti a ƙasa yadda ko ƙato bai isa ya ja ɗaya ba. Ya auna ɗakin ya ce, "Alhaji, wannan ai motar haya za ta zama. Na gaba wuyanshi zai yi ciwo, na baya gwiwarshi. A rage layi guda mana." Na ce masa, "Akwai wani tsoho da ke shigo mana da buzu yana hana mu sakat. Kada ka bar inda buzu zai shimfiɗu." Wani tsoho. Haka na ce, da bakina. Na bar shi da aikinsa na koma shago.

Asabar ɗin da aka gama, Baba ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa, buzu a hammata. 'Yar hanyar da ta rage sai mutum ya karkace zai wuce. Abokaina suka miƙe cirko-cirko, babu ma ƙasar da za su sauka. Ni kuwa da salon ɗan kirki na ce, "Baba ga kujera, ka hau mana, haka ake yin irin ɗakin nan a birni." Ya ce, "A'a, ku yi wasanku. Aiki ya yi kyau." Ya juya. Kun san abin da na ji? Daɗi. Wallahi daɗi na ji, har da cin Nafi'u uku da nema. Bayan sati biyu ya ce damina ta kama, zai je ya duba gona. Na ce hanya ba kyau, na faɗa sau ɗaya don a ce na faɗa, na kai shi tasha.

Shekaranjiya kafintan ya dawo ɗaure wata kujera da ta fara girgiɗi. Yana aiki ya ce, "Ina maigadinka, ban gan shi ba?" Na ce ni ba ni da maigadi. Ya ce, "Dattijon nan mana, mutumin kirki. Kwana ukkun nan da na yi ina aiki, shi ya riƙe mani awo. Na ba shi labarin tsohon da ke damun ku, sai ya ce ai ba sai an wahala ba, ga buzu, a auna da shi. Duk inda ya shimfiɗa ya ga ya shiga, sai ya ce in matso da layin." Yana kaiwa nan ya ɗago ya dubi fuskata. Mutum mai ƙwaƙwalwar katako, an ce maka tsoho mai buzu, ka ga tsoho da buzu, amma ba ka haɗa ba? Na balbale shi da faɗa, ya tattara kayansa ya ce, "Alhaji, da ka ce mani babanka ne, da ban buga ƙusa ko ɗaya ba." Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, na sani. Wa ya bar ubansa a tsakar gida kwana uku bai ce wa baƙo ga mahaifina ba?

Sai yanzu na gane ba fim yake zuwa kallo ba, idonsa ma ba ya gani sosai. Mutumin da ya saba zaman dandali da tsararrakinsa, aka kawo shi gida mai doguwar katanga, ɗaki ɗaya ne tak ake jin muryar maza a ciki, shi ne na cike da katako. Kuma kujerun na banza ne, kafintan ya yi gaskiya, ba a rabin fim sai wuya ya ƙage.

Satin da ya wuce an shiga ƙauyen da ke kusa da namu, an tafi da mutane daga gona. Yaya ta roƙi Baba ya koma Faskari, ya ce shi ba ya kwana gidan suruki. Kullum sai ta kira ni tana kuka, "Auta, mi ka yi mashi?" Ina ce mata ba komai. Jiya na same shi ta wayar maƙwabci, na ce, "Baba ka dawo, zan cire kujerun." Ya ce, "Kada ka cire, Auta, kayanka ne, kuma an auna daidai, ni na tsaya. Nan ƙasa na da yawa, ba wanda ni ke tare ma gaba." Ya sa min albarka, ya miƙa wa mai wayar.

Bai zage ni ba, bai gaya wa kowa ba, kuma gobe ma gonar zai fita. In na gaya wa Yaya gaskiya, wataƙila ita ta iya ɗauko shi, amma ni na gama yawo a danginmu. In na yi shiru wani abu ya same shi, ni na tura shi. In na je da kaina na durƙusa, da wane baki zan fara, tunda ya riga ya ji sunan da na kira shi da shi? Jama'a, don girman Allah, me zan yi?