Hucin Tukubar Baba

Yaba, Legas
6 ga Maris, 2016

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku Mai Tsire,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar nan? Na ba Shitu direba wannan takarda ne don na san ba ka ɗaukar wayata. Takarda kuwa Yaya Zuwaira ce za ta karanta maka, ita kuma ba a taɓa hana ta magana ta hanu ba.

Baba, tambaya ce da ni a kan sana'arka. A wurin aikinmu muna haɗa wani wasan kwamfuta. Mutum zai zuba yashi ko ruwa ko ƙarfe a fuskar na'ura, ya kunna wuta, ya ga abin da zai faru kamar a zahiri. Sai dai wutarmu ba ta da huci, sai ta taɓa abu take ƙona shi. Ka ajiye ƙanƙara dab da gobara, tana nan daram. Ni aka ɗora wa gyaran wannan.

Ina zama zan fara, sai tukubarka ta bakin kasuwar Kibiya ta faɗo mini a rai. Tsire ai ba ya taɓa wuta. Kafa tsinkaye kake yi a toka, su kewaye garwashi, huci kaɗai ya gasa su. Don Allah, wane nisa kake bari tsakanin tsinke da wuta?

Shekara huɗu ke nan ban ji muryarka ba. Ina kewarka, Baba, har da faɗan.

Ɗanka,
Munzali

Yaba, Legas
2 ga Afrilu, 2016

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan zafin bana bai takura muku ba.

Takardar Yaya Zuwaira ta iso. Ta ce sai da ta ninke wasiƙata, sannan ka ce a gaya wa mai tambaya taƙi ɗaya ne da yatsa uku. Mai tambaya, ba Munzali ba. Na ji zafin wannan, amma na karanta layin ya fi sau goma.

Ban manta abin da na yi ba. Ranar da na dawo daga jami'a ka miƙo mini wuƙar Kaka a gaban abokan sana'arka don in gaje ka, ni kuma na ce ban yi karatu don in dinga warin hayaƙi ba. Ba ka zage ni ba. Mayar da wuƙar ka yi cikin kube, ka ci gaba da shafa wa nama ƙuli. Da ma marina ka yi, da tuni an wuce wurin. Ka yafe mini.

Na gina tukuba a cikin wasan, na jera nama layi biyu a kewayen wuta, na sa zafin ya riƙa raguwa gwargwadon nisa. Abokan aikina sun yaba ƙwarai, amma su tsire a naɗe cikin takarda kawai suka san shi. Ga hoton na sa a cikin ambulan. Inda ya yi ja ya gasu ke nan. Ka duba mini.

Ɗanka mai neman gafara,
Munzali

Yaba, Legas
29 ga Afrilu, 2016

Baba,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya, gwiwa kuma da sauƙi.

Yaya Zuwaira ta ce da ka ga hoton sai da ka yi dariya har ka share hawaye. Wai wanda ya zana wannan bai taɓa juya tsinke ba, tunda bayan naman ya yi ja daidai da gabansa, kuma layin baya ya gasu alhali na gaba ya tare masa wuta. Wallahi gaskiyarka. Na manta cewa gefen da ba ya kallon garwashi ɗanye yake zama. Kwana tara na yi ina gyara, yanzu kowane abu a wasan sai wuta ta hango shi take ɗumama shi. Shugabanmu ya tambayi littafin da na samo wannan, na ce masa littafin yana Kibiya, kuma ba ya ɗaukar waya.

Yaya Zuwaira ta kuma rubuto cewa ka ce taƙi da yatsa uku awon masu koyo ne. Ainihin awon da bayan hannu ake yi, kuma ba ya rubutuwa a takarda, sai mutum ya tsaya a gaban tukuba da kansa. Ban san ko kira ba ne wannan, Baba, amma ni kira na ɗauke shi.

Akwai abin da ya kamata in faɗa kafin in zo. Lissafin nisan nan yana cikin littattafanmu, na san shi tun kafin in rubuta wasiƙar farko. Ban ga wata ƙofa da zan ƙwanƙwasa ka amsa ba sai wannan.

Na karɓi hutun mako biyu. Zan biyo Shitu zuwa Rano, daga nan in hau babur, in Allah ya yarda ranar kasuwa ina gabanka. Idan ba ka shirya yi mini magana ba, ba komai. Ka matsa mini kaɗan kawai, in tsaya a gefenka in juya tsinke.

Ɗanka,
Munzali