An yafe masa da yawuna ina cikin takaba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin zuciyata ba alheri take raya min ba.

Ni mazauniyar Zurgu ce ta nan Rano, mijina ya rasu bara da farkon damina. Maƙwabcinmu, bari in kira shi Alhaji, ya rushe ginin ƙasarsa ya yi na bulo, ya cike tsakar gidansa ta ɗara tamu tsayi, sannan ya juyo da bakin indararonsa saitin katangarmu. Tun marigayi yana da rai ya yi masa magana, Alhaji ya ce za a gyara. Ina cikin takaba aka tafka wani ruwa, katangar ta zube, ruwan ya shige ƙarƙashin rumbunmu ya kwantar da shi. Dawar da ke ciki ita ce noman ƙarshe da mijina ya yi da hannunsa. Ina ji ina gani ta tsira, ta yi wari, muka kwashe muka zubar.

Mai unguwa da liman suka zo sulhu a zaurenmu. Tunda ba ni da halin fita, ƙanin mijina ne ya zauna a madadina, ni kuma ina raɓe a bayan ƙofa. Alhaji bai ce ya yi laifi ba, cewa ya yi ruwa na Allah ne. Liman ya yi nasiha kan haƙƙin maƙwabtaka, sai kawai na ji ƙanin mijina ya ce, "Ba komai Malam, mun yafe." Aka shafa fatiha aka watse. Ba wanda ya leƙo ya tambaye ni, alhali ni da marayuna ne muka ci wuyar shekarar.

Da na fita takaba na sayar da awakina, na tayar da katangar da bulo da siminti, kuma da gangan na hana magini barin rariya. Bana ruwan Alhaji ya rasa hanya, ya koma masa, yana kwanciya a gindin tsohon ɗakin ƙasa ɗaya da ya rage a gidan. Wallahi da na ji labarin bangon ya fara tsagewa daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba.

Jiya mai unguwa ya dawo, wai in yi haƙuri a huda katangata ruwan ya bi ta gidana ya fita lungu. Na ce sai Alhaji ya zo da ƙafarsa ya ce ya zalunce ni. Sai Alhaji ya aiko matarsa wai ai maganar ta wuce, an riga an yafe. Na ce to su je wurin wanda ya yafe ɗin ya huda musu tasa katangar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mahaifiyar Alhaji ce ke kwana a ɗakin ƙasar, ta ce ba ta iya barci a ɗakin siminti. Tsohuwar nan ita ta riƙa dogaro sanda tana zuwa taya ni zaman takaba.

Ni so nake Alhaji ya ɗanɗana abin da na ɗanɗana, amma ba shi ne a ƙarƙashin bangon ba. In huda ba tare da ya nemi afuwata ba, ya sake cin bulus? Ko in dake? Ku ba ni amsa da wuri don Allah, gabas ta fara haɗa hadari.