Matatar Iskar Abban Rayyan

Al-Shifa, Riyadh

Yaya Nazira,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yara? Mu lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Kin tuna matatar iskar da Abban Rayyan ya ƙera saboda asmar Rayyan? Wadda ya jera wa farantai a karkace, yashi ya riƙa zubewa ƙasa kafin ya toshe ta? Shekarun da ya kwashe yana ɓata min falo da ƙarafa sun yi rana, har ya samu takardar mallakar ƙirƙira. To wani kamfani ya kai ƙara a soke ta. Wai ba sabon abu ba ne, duk injiniyan da ya san aikinsa zai iya gano hakan.

Lauyanmu ya ce maganin abin ɗaya ne, Abban Rayyan ya tsaya gaban kwamiti ya faɗi wahalar da ya sha, ya nuna ba kowa zai iya ba. Yaya, kin san surukinki. Mutumin da ko shayi aka yaba masa sai ya ce ganyen ne mai kyau! Kullum bayan la'asar ina zaunar da shi ina koya masa yabon kai, yana sunkuyar da kai kamar sabon ango. Ku taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Zahida

Al-Shifa, Riyadh

Yaya Nazira,

Ina gaishe ku, da fatan Inna ta ƙara samun sauƙi.

An soke takardar. Lauyan kamfanin ya baje tsoffin zane-zane, sannan ya tambayi Abban Rayyan ko wani injiniya zai iya kaiwa inda ya kai. Ya ce Allah ne ya nuna masa, kuma Wanda ya nuna masa zai iya nuna wa kowa. Lauyanmu ya dafe kai. Wai ba maganar kaɗai ta kayar da mu ba, amma ina kallo suka rubuta ta.

A mota na wanke shi tas. Na ce kunyarsa ta cinye wahalarsa, tarbiyyar gidansu ba ta da kasuwa a nan. Da muka iso gida ya wuce ɗakin Rayyan, ya zaro tiren matatar ya zubar da yashin, kamar kullum.

A nan nadama ta kama ni. Wannan halin fa shi na gani na aure shi, ke ce shaida. Na bi shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Tun aurenmu nake jin kalmar nan a bakinsa, sai ranar na ji ya faɗe ta muryarsa na rawa.

A gaida Inna. Kada ki gaya mata abin da na ce game da gidansu.

Taki,
Zahida