Na Samu Gida a Nyanshegu

Zuwa ga Yayata Rakiyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da duk mutanen gida a Gusau. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiyata ƙalau a nan Tamale ta ƙasar Ghana, har na ɗan yi ƙiba, don wake da shinkafar garin nan ba a cin ta da wasa. Aiki kuma alhamdulillahi. Taraktoci da injinan girbin shinkafar da ke hannuna irin waɗanda na saba gyarawa ne a gida, shugabana Basit kuwa mutumin kirki ne.

Yaya, albishirinki: na samu gida! Na san kin yi haƙuri. Tun da muka saki gidan hayarmu na taho, Rashidatu da yara biyar suna kanki, ɗakinki ya zama nasu, ba ki taɓa nuna mini gajiya ba ko a waya. Amma ni abin yana raina kullum. Ga shi masaukin da kamfani ya ba ni an ce in bar shi ƙarshen wata, sabon ma'aikaci zai shiga.

Wani direban tarakta a wurinmu, Fataw, shi ya ɗauke ni a babur muka yi ta yawo. Mun shiga unguwar Kalpohin, gidaje masu kyau, amma da zarar mai gida ya ji yara biyar sai fuskarsa ta canza. Matsalar garin nan ruwa ce, famfo sai ya ga dama yake zuwa, kowa da tankinsa yake lallaɓawa. Wani ya ce mini yara biyar za su shanye masa tanki kafin azahar. A Gumani mun samu mai yarda, sai dai wurin ya yi nisa da makaranta, rufin kuma ana hango sama ta cikinsa. Ran nan da na dawo masauki har na fara tunanin ko in bar su a Gusau sai baɗi. Fataw ya ba ni shawara in riƙa cewa yarana biyu ne, sauran in sun iso a ce baƙi ne. Na yi dariya, amma ban ɓoye miki ba, maganar ta ɗan zauna mini.

Ranar Asabar sai ga shi da murna, wai akwai gida a unguwar Nyanshegu, mai gidan ya ce in zo. Na sa babbar riga, na sayi goro. Muna isa na ga wani dattijo a kan benci ƙarƙashin bishiyar mangwaro, na cire takalmi na durƙusa, na yi ta zuba gaisuwa, ina ranka ya daɗe, yana amsa mini da "naa, naa" irin amsar gaisuwa ta Dagomba, mutanen garin. Na miƙa goro ya karɓa ya sa a aljihu. Fataw na gefe yana ta danne dariya. Can sai ga wata tsohuwa a kan babur, mayafinta ɗaure a ƙugu, buhun masara a baya, ta taka birki a gabanmu. Fataw ya nuna ta ya ce ga mai gidan ya zo. Ashe Hausar nan ba ta damu da mace ko namiji ba, kowa "ya" ne. Dattijon kuwa maƙwabci ne ya zo shan inuwa, goron ma bai dawo da shi ba.

Sunanta Mma Ashetu, tana sayar da hatsi a kasuwa, mijinta ya rasu da daɗewa. Ta zagaya da ni sashen baya: ɗaki biyu da falo, kicin, banɗaki, ga rijiya a tsakar gida wadda ta ce ba ta ƙafewa sai rani ya yi tsanani. Zuciyata ta kwanta da wurin nan take. Muka zauna, ta dube ni ta tambayi yarana nawa. Fataw ya taka mini ƙafa. Wallahi Yaya, ban san abin da zai fito daga bakina ba, sai wayata ta yi ƙara.

Kin tuna ranar da Rashidatu ta kira ni ta bidiyo, wata tsohuwa ta bayyana a maimakon fuskata, kika ce wace ce wannan? To ita ce. Ina ɗagawa don in ce zan kira anjima, sai yaran suka cika wayar, Mudasiru na ture Sumaiya, Farhana na nuna mini haƙorinta da ya fita, 'yan biyu na ihun Baba, Baba. Mma Ashetu ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta ƙirga su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuyar da kai na ce mata biyar ne, duka nawa ne, in ba zai yiwu ba na gode da karamci.

Ta miƙo mini wayar. Sai ta nuna mini mangwaron da ya zube yana ruɓewa a ƙasa, ta ce 'ya'yanta suna Kumasi da Accra, jikokinta sai da Sallah take ganinsu. Wanda ya tashi daga sashen gwauro ne, ya fita da safe ya kulle ƙofa, ya dawo ya kulle ƙofa. Ta ce ta kori masu neman gidan da yawa don ba ta son wani mai kulle ƙofa kuma. Sharaɗinta ɗaya ne, kada yara su kori zabin da take kiwo. Na ce na ɗauki alkawari a kan manyan uku, amma 'yan biyu sai dai mu haɗu mu yi addu'a. Ta yi dariya har da hawaye, ta ba ni makulli tun kafin mu gama maganar haya. Kuɗin kuma kamfani ya taimaka, an kammala komai a gaban shaidu.

Na riga na tare da tabarmata da butata. Na shafa fenti, na yi magana da makarantar da ke bayan layinmu, sun ce za su karɓi manyan uku. In Allah ya yarda Basit zai ba ni hutu farkon wata in zo in ɗauke su da kaina. Ki ce wa Rashidatu ta fara ɗaure kaya, kada ta manta da katin rigakafin yara da takardun makaranta, ta kuma taho da daddawa da kuka masu yawa. Ke kuma Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya saka miki da gidan Aljanna.

Ki gaishe mini da Malam, da Inna Mariyatu, da Kawu Bawa, da maƙwabta baki ɗaya. Ki shafa mini kan yaran. Mma Ashetu ma tana gaishe ki. Yau da safe ta kawo mini koko da ƙosai, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙa ɗakunan da babu kowa, ta ce in rubuta miki cewa ke kin ji hayaniyarsu ta ishe ki, yanzu ki sako mata su, ita ma ta ji nata rabon.

Naki ƙane har kullum,
Zubeiru