Inda Na'ura Ta Ce a Haƙa

Kazaure, Talata bayan la'asar.

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya Ikko? Yaya iyali, da ƙafar nan taka?

Ka san aikin rijiyoyin burtsatse da na samu bayan jami'a. Yanzu wata na'ura a Kano, kwamfuta, ke duba taswira ta zaɓi wurin haƙa, ni kuma in sa hannu. Jiya na je ƙauyenmu a Gwiwa. Wurin da ta zaɓa tsohuwar maƙabarta ce, inda aka binne Inna. Maƙabartar ba ta cikin taswira. Na sake aunawa, nan ɗin ne.

Na ƙi sa hannu. Shugabana ya ce, "Malam, ruwa aka tambaye ta, ba kabari ba." Mata kuwa har yanzu rafi suke zuwa. Ba ni da abokin shawara a nan.

Ban sani ba ko za a kore ni, ko akwai ruwa a wani wurin, ko wanda zai gaje ni zai san Inna na kwance a can.

Ka sa ni a addu'a. Gai da yara.

Ƙaninka,
Bashir